Kishiyar Kakarmu: Tsohuwar Bindigar da Muka Tarar a Rufin Soro

Maganar yau ta cikin gida ce. Mun daɗe muna jinkirin fitar da ita, sai da muka shawarci manya suka ce a rubuta, domin mun tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne a Matameye ke kwana da irin wannan kaya a ƙarƙashin rufi.

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka zauna rabon gado. Mu tara ne, maza biyar, mata huɗu. Gona biyu ce, da garkar rake guda a fadama, da amalanke da sa, da 'yan tumaki. Malamai suka raba, kowa ya karɓi rabonsa ba gardama. Ranar da muka shiga gyaran tsohon soron zaure, wanda damina ta fara ci, autanmu ya hau tsani don ya duba azara. Hannunsa ya taɓa wani abu dogo a naɗe cikin buzu da tsohuwar tabarma, an ɗaure da igiyar kaba. Ya sauko da shi tsakar gida. Kafin a gama kwancewa, Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Kishiya ce. Ashe tana nan!"

Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa ta baki. In aka kafa ta a ƙasa, tsawonta ya kai ƙirjin babban mutum. Ƙotarta ta yi baƙi wuluk, ta yi santsi don shan hannu da man shanu. Zobban tagulla biyar ne ke riƙe da bututun, ga jar fata ɗinkin dukawa a wuyanta, ga laya biyu da wuri uku suna reto. Tsatsa ta ci bakin, amma kana ganinta ka san an yi ta da natsuwa.

Ta kakanmu ce, mahaifin Baba, wanda maharbi ne sananne a zamaninsa. Mu ba mu san shi sosai ba, manyanmu ne kawai suka riske shi yana tsoho. Gwaggo ta ce kakarmu ce ta raɗa wa bindigar suna Kishiya, domin in rani ya yi, mijin yakan kwana uku a daji da ita, in ya dawo kuma kafin ya nemi ruwan sha sai ya zauna ya goge ta ya shafa mata mai. Kakar takan ce, "Ni da na haihu ban samu wannan gatan ba." Muka yi dariya, yara suka kewaye, kowa yana son ya ɗaga ya ji nauyi. Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo gare shi.

Dariyar ba ta kai magariba ba. Da labari ya kai kunnen Baffa, ƙanen Baba, ya zo da saurinsa ya ce, "Ku yaran nan ba ku da hankali? A wannan zamani a ce an ga bindiga a gidanku? Ku bari dare ya yi a jefa ta tsohuwar rijiya, a rufe maganar." Yayanmu babba ya ce a'a, dukiya ce, tana cikin gado, a sayar. Kuma yana da hujja mai ƙarfi. Innarmu yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, an ce sai an kai ta Zinder an yi mata aiki. Gwaggo kuwa ta ce ko rijiya ko kasuwa, sai dai bayan ranta. Cikin mu tara babu wanda ya taɓa harba ko da zomo. Ga mu da kayan da ba mu iya amfani da shi, muna tsoron ajiye shi, muna kuma jin kunyar rabuwa da shi.

Tsoron Baffa ba na banza ba ne. Yau in ka ce 'yan bindiga, ba abin da ke zuwa zuciyar mutum sai masu satar mutane da shanu, irin labaran da muke ji daga Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi. Amma kalmar nan tana da tsohuwar ma'ana a ƙasar Damagaram. 'Yan bindiga dakarun Sarki ne, da Sarkin Bindiga a gabansu. Su ne har gobe in an yi hawan Sallah za ka ji sun saki wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, mata su rangaɗa guɗa. Suna ɗaya, amma dubi yadda zamani ya juya shi.

Wanda ya leƙa tarihin ƙasar nan, kamar littafin da marigayi André Salifou ya wallafa a 1971 a kan Damagaram, zai ga bindiga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi sama da shekara 30 a kan gado, ya tara dubban bindigogi. Wasu ayarin raƙuma ne ke kawo su daga Tarabulus, suna ratsa Sahara. Bai tsaya ga saye ba, ya sa maƙera suka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Ƙasar Kance, wadda Matameye ke cikinta, tana bin Damagaram a lokacin. Da wannan ƙarfin ne Ahmadu Kuren Daga ya kai yaƙi har Gezawa, kusa da Kano, a zamanin Sarki Alu. Sai a watan Yuli na 1899, a Tirmini, garin da duk mai zuwa Zinder daga nan yake ratsawa bayan ya wuce Takeita, bindigar da ake ɗura wa sau ɗaya ta gamu da ta Faransawa mai aman harsashi a jere. Kowa ya san yadda aka ƙare.

Wannan bambancin makami kuwa shiri ne. Tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani ba, sai tsofaffin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Irin waɗannan ne aka daɗe ana shigowa da su ta gaɓar teku, har Turawan Ingila suna kiransu bindigar mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka yi ta sayar da su a gaɓar Gana ta yau. Da yaƙi ya ƙare, bindiga ta koma daji da filin Sallah. A zamanin Faransawa da bayansa, wanda ke da hali da takardar izini, kamar ma'aikaci ko tsohon soja ko babban ɗan kasuwa, yakan mallaki ƙirar kamfanin Manufrance na Saint-Étienne, ko Simplex mai baki ɗaya ko Robust mai baki biyu. Talaka kuwa maƙerin garinsu ne kamfaninsa. Maƙeran sun fara da gyaran na Turawa, daga gyara suka koyi ƙira. Daga wannan zuriyar Kishiya ta fito.

Ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, Yaya ya zo da wani dillali. Mun san irinsu, masu bin kasuwanni suna sayen tsofaffin takubba da akussa da likkafu da tasoshin tagulla. Mutumin ya juya ta, ya shinshina ƙotar, ya ƙwanƙwasa zobban da farce, ya ce jika 150. Da ya ga Gwaggo ta tsuke fuska ya ce 200. Muka tambaye shi wa ke sayen irin wannan. Ya ce akwai masu kuɗi a manyan birane da ke rataye su a falo, akwai masu otal, akwai kuma masu fitar da su waje. Da hira ta yi daɗi har ya faɗa mana abin da bai kamata ya faɗa ba. Ya ce in an yi masa odar tsohuwa bai samu ba, yakan sa a ƙera sabuwa, a rataye ta a madafa ta sha hayaƙi wata biyu, a shafa mata kanwa da ƙasa, ta koma kamar ta shekara ɗari. Wasu masu kuɗin ma da kansu suke cewa a yi musu sabuwa mai ado, a cika ta da tagulla da fata, ba don harbi ba, don baƙo ya gani.

Ƙanwarmu ta ce masa, "To Alhaji, in kun kai ta can, za ku gaya musu ta wane ce?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ya damu da wannan? In an tambaya sai mu ce ta yaƙin Damagaram ce." Wannan amsa ita ta tsaya mana a rai. Bindigar da aka yi wa kakanmu, za ta koma bangon wani da ba mu sani ba, ɗauke da labarin ƙarya. Muka ce ya ba mu kwana bakwai.

A daren ne ƙanenmu da ke koyarwa a lakwal ya ba mu labarin yadda masu irin wannan sha'awa suke yi a Turai. A Landan akwai gidajen ƙira irin su Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835. Har yau da hannu suke yin bindigar farautar tsuntsaye. Mai so ba shiga yake ya ɗauka a kan kanta ba. Sai an auna tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa da yadda idonsa ke kallo, ya zaɓi itacen ƙota, ya zaɓi zanen da za a sassaƙa a jikin ƙarfen, sannan ya koma gida ya jira shekara ɗaya da rabi ko biyu. Kuɗin guda ɗaya yana wuce fam 100,000. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne littafi. Kowace bindiga tana da lamba, kuma gidan yana ajiye da rajistar da aka rubuta wa aka yi wa ita da shekarar da aka yi. In jika ya gaji ta kakansa bayan shekara ɗari, zai iya aika lambar a duba masa. A wurin gwanjo ma, tsohuwar da aka san mai ita da tarihinta ta fi wadda ba a sani ba daraja nesa ba kusa ba.

Gwaggo tana saurare tana taunar goro. Da ya gama ta ce, "Wannan awon da kake ta faɗa, ai Kishiya ma an yi mata. Ba ku lura ba? Kakanku bahago ne." Muka ɗauko ta muka duba da fitilar waya. Lallai kuwa. Ƙarfen da ke sara wuta yana gefen hagu, ba dama ba kamar sauran. Ɗan kwarmin da kunci ke kwanciya yana gefen dama. Duk wanda ya ɗora ta a kafaɗar dama cikinmu sai ya ji ta bauɗe masa, shi ya sa tun farko muka zaci ƙotar ce ta karkace don tsufa. Ashe da gangan aka karkata ta. Gwaggo ta ce wanda ya ƙera ya rasu tun tuni, amma ɗansa yana nan da rai a wani ƙauye ta wajen Kance.

Washegari mu uku muka naɗe ta a tabarma kamar yadda muka same ta, muka ɗora a amalanke ƙarƙashin kara, muka tafi, gabanmu yana faɗuwa duk lokacin da muka ji ƙarar babur. Muka tarar da tsohon a rumfar maƙera, jikokinsa suna ƙirar hauya da galma, shi yana zaune gefe a kan buzu don idonsa ya yi rauni. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi ko mu jikokin wane ne. Ya ce, "Jikokin bahago? Ku matso." Muka miƙa masa. Bai ko kalle ta ba. Babban yatsansa ya sa yana bin ƙarƙashin bututun a hankali, har ya tsaya a wani wuri kusa da zobe na biyu. Ya ce, "Ga shi nan. Tsaga uku da ɗan wata. Aikin Baba ne. Ni na yi mata zuga."

Kafin ya ci gaba sai ya ce a miƙo masa siririn kara. Ya zura a bakin bindigar har ya tsaya, ya sa farce ya yi alama, ya zaro, ya gwada a jikin bututun ta waje. Karan bai kai gindi ba, saura kamar faɗin yatsa huɗu. Tsohon ya yi shiru. Sannan ya ce, "Wa ya taɓa kunamar nan cikinku?" Muka ce yara ma sun yi wasa da ita. Ya ce, "Ku je ku yi sadaka. A ɗure take."

Jama'a, shekara wajen 40 tana rataye a kan zauren da muke zaman hira, da albarushi da ƙarafa a cikinta. Ranar da muka sauko da ita, yara fiye da goma sun kewaye ta, ɗaya ma ya leƙa bakinta da ido yana cewa duhu. Tsohon ya ce albarushi in ya samu wuri busasshe ba ya mutuwa da wuri, kuma ko bai tashi daidai ba, tsohon bututu mai tsatsa yana iya fashewa a hannun mai riƙe da shi. Ya sa jikokinsa suka kai ta bayan gari, suka jiƙa ta, suka zaro ɗurin a hankali. Da aka zube shi a kan faifai, Yaya ya zauna a ƙasa bai ce uffan ba.

Bayan hankali ya kwanta, tsohon ya ba mu labarin ƙirar. Ya ce shekara biyu bayan samun mulkin kai ne, wato 1962, bayan an gama girbi, kakanmu ya zo da Sarkin Baka na yankin a matsayin shaida. Mahaifinsa ya yanko karan dawa ya auna daga gwiwar hannun kakan zuwa kan yatsa. Ya ba shi wani dogon kara ya ce ya runtse ido ya ɗora a kafaɗa kamar zai harbi wani gawo da ke gabansu, sannan ya buɗe. Sau goma aka yi haka, maƙerin yana tsaye a baya yana kallon inda kan karan ke faɗawa. Da wannan ya san yadda zai karkata ƙotar. Itacen marke aka sara, aka bar shi ya bushe a inuwa. Gawayin ƙirya aka yi aiki da shi. Wata uku ana yi, ba kullum ba, sai in an gama da hauyoyin mutane. Da aka gama, aka ɗaure ta a jikin itace, aka yi mata ɗuri mai nauyi, aka ja kunamar da doguwar igiya daga bayan tudu. Da ta ɗauka ba ta tsage ba, sannan aka kai wa baduku ya yi mata fata. Ladan kuwa rago ɗaya, da damin gero goma, da cinyar barewar farko da ta kayar. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Na ci cinyar nan. Har yau ina jin daɗinta."

Muka tambaye shi ko shi ma yana ƙera su. Ya girgiza kai ya ce ya yi a ƙuruciya, amma ya daɗe da bari. "A zamanin Baba ba a yi wa baƙo bindiga. Sai an san ubanka, sai Sarkin Baka ya tsaya maka. Yanzu yaro zai zo da kuɗi a aljihu, ba ka san daga inda ya fito ba, ya ce yana so gobe. Bindiga ba ta san mai ita ba, maƙeri ne ya kamata ya san shi." Ya ce wasu kuma da bututun famfo suke yi don sauri, shi ya sa kake ganin mutane da yatsu uku. Ya nuna jikokinsa ya ce babu ɗaya da ya koya wa, kuma bai yi nadama ba. Mun fahimce shi. Amma a hanyar dawowa mun yi ta tunanin cewa ranar da tsohon nan ya kwanta dama, babu sauran mai iya shafa ƙarfe ya ce wannan aikin wane ne. Rajistarmu ke nan, tana zaune a kan buzu, ido ya fara tafiya.

Ba za mu yi wa kakanmu kwalliyar da ba tasa ba. Gwaggo ta ce yana da ƙa'ida, ba ya harbi da damina lokacin da namun daji ke da ciki, ba ya harbin mai shayarwa, kuma duk abin da ya kayar sai maƙwabta sun ɗanɗana. Mun yarda. Amma maharba suna da yawa, gonaki suna ta cin daji, ga farin 1973 da na 1984 da ake kira El-Buhari. Barewa da gada da tuje da ake ba mu labari, mu ba mu gan su a ƙasar Matameye ba. Manomanmu da na Magarya da Mirya sun dawo da gawo ta hanyar sassaben zamani, har ana zuwa daga ƙasashen waje ana kallo, amma barewa ba ta dawo ba. Gwaggo ta ce bayan El-Buhari ne kakan ya fita kwana biyu ya dawo da zabo ɗaya tak, ya jingine Kishiya ya ce daji ya mutu. Wataƙila ɗurin da aka zaro shi ne na wannan fitar, wanda bai samu abin harbi ba. Babanmu kuwa fataucin rake ya yi. Da uban ya rasu ya naɗe ta ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba.

Ga abin da muka yanke. Muka koma wurin tsohon muka roƙe shi ya kashe ta. Jikokinsa suka toshe bututun da ƙarfe, suka liƙe inda wuta ke shiga, yadda ba mai iya sake ɗura ta har abada. Sannan muka sanar da mai unguwa, shi ya raka mu wurin hukuma, aka duba, aka rubuta. Ba mu ce kowa haka tasa za ta kasance ba, kowa ya je ya tambaya da kansa. Abin da muka sani shi ne riƙe bindiga ba izini laifi ne a Nijar, farauta ma tana da dokarta, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Gara ka kai kanka da rana tsaka da a same ta a ɗakinka da dare.

Da dillalin ya dawo ya ji an toshe ta, ya ce mun ɓata kaya, yanzu ko rabin kuɗin ba zai bayar ba. Muka ce mun gode, dama ba ta sayarwa ba ce. Maganar idon Inna kuwa, karo-karo muka yi, aka sayar da tunkiya biyu, aka jira rake ya nuna. Wannan ya jinkirta aikin da wata biyu, kuma wata biyun nan Inna ta yi su ne tana laluben bango. Ba ta yi ƙorafi ba, amma mu mun gani, kuma bai yi mana daɗi ba. Alhamdu lillahi an yi aikin, tana ganin jikokinta. Har yau Yaya yana cewa mun bar jika 200 saboda itace da tsatsa, muka bar tsohuwa cikin duhu. Ba mu ce ya yi ƙarya ba. Baffa ma har gobe in ya shigo zauren ba ya kallon bangon gabas.

Can muka rataye ta. Akwai ɗan yayarmu, saurayi ne mai koyon ɗinki, shi kaɗai ne bahago a zuriyar. Ranar da aka dawo da ita Gwaggo ta ce ya ɗauka. Ya ɗora a kafaɗar hagu, kuncinsa ya faɗa cikin kwarmin nan daidai, kamar don shi aka sassaƙa. Ya ce, "Gwaggo, ai ba ta da nauyi." Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki.

To jama'ar Matameye da Kance da kewaye, mun san akwai irin Kishiya a rufin soraye da cikin rumbuna da yawa. In kun tarar da taku, abu na farko kada kowa ya taɓa kunama, kada a bar yara kusa, a ɗauka cewa a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya duba. Na biyu a sanar da mai unguwa ko mai gari, a bi ta hannun hukuma. Na uku, ko za ku miƙa ta, ko za ku sa a kashe ta ku ajiye, ku nemi tsohon da ya san ta tun yana da rai, ku tambaye shi, ku rubuta. Haka takobi, haka sirdi, haka akushin kaka. Dillali zai biya ku kuɗin ƙarfe da itace, sunayen kuwa a ƙofar gida zai zubar da su.

Mu kaye muka saya na 'yan lakwal, muka sa a leda, muka rataye a ƙusa ɗaya da ita. A shafin farko an rubuta sunan kakanmu da na ubansa, da sunan maƙerin da ya ƙera da na ɗansa da ya yi zuga, da shekarar 1962, da rago ɗaya da dami goma da cinyar barewa. A ƙasa ƙanwarmu ta ƙara layi ɗaya da hannunta, cewa kakarmu ce ta raɗa mata suna.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.